Honorabul Ɗan Gurguzu Ne, In Ji Wanda Ya Karɓa

A Nguru da Gashua an samu sabuwar sana'a wadda ba ta buƙatar jari, wato auna aƙidar ɗan siyasa. Da can idan aka baje tabarma bayan isha'i, farashin gero ake taɓawa, da cikar kogi, da wanda ya ƙara aure bai sanar ba. Yanzu da yara suka dawo daga jami'a da manyan kalmomi a baki, sai a ɗauko Honorabul a yi ta juya shi: ɗan gurguzu ne, ko ɗan jari-hujja, ko mai tsaka-tsaki? Shi yana Abuja abinsa. Da za a buga masa waya a tambaye shi, ina kyautata zaton cewa zai yi, a wace mazaɓa Gurguzun take, kuma suna da rijiyar burtsatse?

Hujjojin ba su da yawa, kowa ya haddace su. Ya saya wa ɗalibai fom ɗin JAMB. Ya kawo likitocin ido sun kwana biyu suna cire yana, aka raba tabarau har ga masu gani garau. Ya gina aji biyu a wani ƙauye, aka rubuta sunansa a bango da baƙaƙen da suka fi na sunan makarantar girma.

A kowace majalisa akwai saurayi mai digirin kimiyyar siyasa wanda har yanzu yake jiran aiki. Shi ke buɗe fage. "Baba, ku ba ku gane ba ne. Duk wanda ya sauke wa talaka nauyin asibiti da makaranta ya ɗora wa hukuma, gurguzu ne tsantsa. Haka aka yi a Kyuba." Sai mai kemis ya ajiye kofin shayi ya gyara zama. "Kai yaro, kyauta ita ta kashe ƙasar nan. Maganin da ba a biya kuɗinsa ba ma ba ya kama jiki." A kan aƙida yake faɗa, kada wani ya yi masa mummunan zato saboda katan-katan na maganin zazzaɓi da ke jibge a shagonsa.

Wanda na fi so shi ne tsohon malamin firamare, mai jiran fansho. A wurinsa tun da Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 aka rufe ƙofar son talaka aka jefa makullin a rijiya. Zai tuna maka an kafa NEPU a 1950, an ɗaure mutane an yi musu bulala a kanta. Zai tuna maka da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a 1979 ya soke haraji da jangali. Sannan ya dube ka ya ce, "To shi naku me ya soke, ban da lambar wayarsa bayan zaɓe?" Da ya kai nan sai majalisa ta rikice, kowa ya tuno ashe mahaifinsa ma ɗan NEPU ne, har an taɓa kulle shi a gidan yarin en'e. Idan ka tattara 'ya'yan 'yan NEPU da ke Nguru da Gashua yau, sai ka rasa wanda 'yan NPC suka haifa. Kuma a 1979 ɗin da ake ta ambato, tsohuwar jihar Borno, wadda muke cikinta a lokacin, GNPP ta Waziri Ibrahim ta zaɓa, Muhammadu Goni ya zama gwamna. Wannan ba a cika son tunawa da shi ba, domin yana ɓata labari.

Akwai kuma ma'aunin gari. Rabo ya sa Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana Nguru, Jami'ar Tarayya tana Gashua. Saboda haka mutumin Nguru da asibiti yake auna son talaka, mutumin Gashua kuma da jami'a. Na Nguru zai ce sai da rai ake karatu. Na Gashua ya ce likitan da zai duba ka ai daga aji ya fito. Sai wani mai neman fitina ya tambaya, wa ya kafa jami'ar? Shiru. A 2013 aka kafa ta, zamanin Goodluck Jonathan, tare da ta Gusau da ta Birnin Kebbi. Bisa ma'aunin majalisa ke nan Jonathan babban ɗan gurguzu ne, ga shi kuwa a 2015 Yobe ta juya masa baya kusan gaba ɗaya. A nan ake kiran mai shayi ya ƙaro ruwan zafi.

Abin da ya fi ba ni dariya, duk wannan rabe-raben aƙida ana yin sa ne a jihar da gida ɗaya ke mulki tun 1999. Daga APP aka koma ANPP, daga nan APC, daga Bukar Abba Ibrahim zuwa Mamman Ali, zuwa Ibrahim Gaidam, zuwa Mai Mala Buni. Tukunya ɗaya ce ake sauya mata murfi, amma masu lasar miya sun rantse kowane murfi da ɗanɗanonsa.

Shi ilimi kyautar da ake yi wa Honorabul kirari a kansa, doka ce. Tun 2004 dokar UBE ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwada kawo ɗaya daga cikin waɗannan a majalisa ka ga yadda hamma ke yaɗuwa. Kasafin kuɗi ba shi da fuska, ba ya zuwa ta'aziyya, ba ya miƙa ambulan. Mu mutum muke so, wanda za a je gidansa da takardar likita a tsuguna. Ranar da ya biya, Aminu Kano ne ya dawo. Ranar da mai gadi ya ce yana barci, ɗan jari-hujja ne tun asali.

Wuri ɗaya ne gardamar ke yin sanyi. Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutane a ƙasar Bade, da wuya ka sami majalisa a Gashua da ba ta rasa wani ba. Idan aka zo kan wanda ake kaiwa wankin ƙoda a Damaturu, da kuɗin mota da na mai jinya, ba ka jin gurguzu ba ka jin jari-hujja. Hula ake cirewa a zagaya da ita, kuma mai kemis, maƙiyin kyauta, yakan riga kowa sa hannu a aljihu.

Washegari a koma ruwa. Mai yabon makarantar gwamnati 'ya'yansa uku suna makarantar kuɗi, wai don ta fi kusa da gida, alhali sai an hau Keke Napep. Mai zagin kyauta shi ne na farko a layi ranar rabon gidan sauro, ya karɓi nasa ya karɓi na maƙwabcin da ya ƙaura bara.

A wata majalisa da na sani, hukunci ya sauya kwanan nan. Honorabul ya fitar da sunayen mataimaka na musamman, babu na saurayi mai digiri. Da daddare ya zo da sabon bincike, ya ce ya sake nazari, mutumin nan ɗan jari-hujja ne mai fakewa da tabarau. Mai kemis bai tanka ba. An ce shi aka ba kwangilar kawo magunguna a aikin ido na gaba. Da aka tashi sai ya ja saurayin gefe ya ce, "Ɗana, littafin nan naka na Kyuba, ara mini shi zuwa Juma'a."