Zuwa ga Bazazzagen da Gambiya ta saita

Kai Bazazzage, bawan gidanmu! Na ji labarin ka dawo, amma har yau ba ka kawo gaisuwa Kano wurin iyayen gidanka ba. Na yi maka uzuri. Wanda ya shekara biyu yana aikin sa kai, ina ya ga kuɗin mota?

Ranar da sunanka ya fito a shirin TAC, wanda gwamnatin Babangida ta kafa a 1987, lokacin Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, don tura malamai da likitoci su taimaka wa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, ba wanda ya huta daga Kongo har Samaru. Kai dai za ka ƙasar waje! Mun ɗauka Jamaika ce ko Fiji. Ashe Gambiya ce, ƙasar da jihar Kaduna ta ninka ta sau huɗu, Senegal ta kewaye ta ko ta ina in ban da bakin teku. Ko Banjul ɗin ma ba a bar ka ba, aka ce ka haura can wajen Farafenni ka koyar da lissafi.

Ka tafi da tunanin da kowane Bazazzage ke fita da shi daga ƙofar Doka, wato ilimi a garinku aka haife shi, sauran duniya jira suke a ɗebo musu. Ka shiga kasuwa ka kwararo wa mai kifi Turancin ABU, ta dube ka ta amsa da Wolof. Da bakinka ka faɗa wa ƙanwata cewa wata ɗalibarka, yarinya ƙarama, ita ke riƙe maka dalasi tana yi maka ciniki, kai kuwa kana tsaye da leda kamar ɗan aike. Wayyo, ina ma ina wurin!

To daga nan fa aka fara gyara ka. Mai gidan da ka sauka ya zaunar da kai shan attaya, zagaye uku, ba a tashi sai an kai na ƙarshe, kuma ba ka jin yaren balle ka katse mutane da gyaran nahawu. Dole ka koyi saurare, abin da kwalejin Barewa ta kasa koya wa kakanninka. Ka sa hannu a kwano ɗaya da mai gadi da direba, kuna jan domoda, miyar gyaɗar da yanzu kake rantsuwa ta fi fate. Wannan ridda ce, Zage-zagi su ji da kai.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wai tun da ka dawo ka daina zagin Najeriya a majalisa, don ka ga yadda ake girmama malamanta a can, har babban alƙalin ƙasar an sha ɗauko shi daga nan. An kuma ce kowace Asabar kana tara yaran unguwa a zaure kana koya musu lissafi kyauta. Kyauta! Kakannina sun taka har Gwanja fataucin goro, kowa ya dawo da riba a jaka. Kai ka hau jirgi ka dawo da butar shayi da tausayin jama'a.

Duk da haka, zan turo maka yaran ƙanena biyu, lissafi ya gagare su. Kuma ka sani Muharram biyu ta wuce ba ka biya kuɗin shara ba. Ba na karɓar dalasi.