Mai jiran iska da farfelarsa

Masu jirgin ruwa mai filafilai a gaɓar Ingila za su rantse maka da iska kaɗai suke tafiya. To, bari farfelar injin ta lanƙwashe, ka ga ido ya raina fata. Sai an ɗago jirgin tudu, an sha fama da tsohuwar da gishirin teku ya manne wa sandarta. Sabuwar kuma da lambarta, misali 14 x 10 RH: faɗi inci 14, tafiyar inci 10 a kowane juyi, mai juyawa dama. Wanda ya kwaso mai juyawa hagu kuwa, yana sa giyar gaba sai jirgi ya kama baya, 'yan kallo na masa sannu da ƙoƙari. Malam, duba haruffan kafin ka biya.