Alhaji Ba Ya Minshari

Idan bazara ta kama a Wurno ko Rabah ko Goronyo, wajen watan Afrilu da ɗaki ke gagarar mai son ransa, kowa ya jawo tabarma ko katifa zuwa tsakar gida, sai asirin gari ya tonu. Daga sha ɗayan dare zuwa kiran assalatu, wani gurnani kan tashi ya tsallake katanga, ya ratsa zaure, ya faɗa kunnen maƙwabcin maƙwabci. Amma da gari ya waye, bi majalisu ɗaya bayan ɗaya ka tambaya wa ya yi, ba za ka samu ko mutum ɗaya ba. Kowa ya san na wani, babu mai nasa. Ga shi kuwa wani nazari da aka buga a wata mujallar likitoci ta gidan Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 a duniya suna fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, ya kuma sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawansu. Ko dai an keɓe gabashin Sakkwato daga wannan lissafi, ko kuwa akwai masu ɓoye zance. Ra'ayina shi ne, tun kafin a zo ga tsadar gwajin barci da nisan asibiti, akwai shingen da ya fi su tsayi, wato girma.

Minshari laifi ne mai wuyar shari'a, domin wanda ake tuhuma shi kaɗai ne ba ya nan lokacin da aka aikata. Shaidu kuwa ba a rasa su ba. Mai mata huɗu yana da masu sa ido huɗu, kowace da kwanakinta, suna karɓa-karɓa shekara da shekaru, kuma ba mai zarginsu da haɗa baki tunda ba su taɓa haɗa baki a kan komai ba. Babu asibitin da ke da irin wannan tsari. Sai dai kunya ta ɗaure harshen shaidun. Iyakar abin da amarya za ta iya shi ne, "Alhaji, jiya da alama ka kwaso gajiya." Uwargida, da shekaru suka ba ta 'yar dama, takan ce, "Malam, da ka riƙa kwanciya ta gefe." Amsar kuwa ɗaya ce ko'ina: "Ke, ni da ban ko runtsa ba? Idona biyu, duk motsinku ina ji." Shi ke nan an rufe shari'a. In ka ji ana yabon wata uwargida wai ta bar wa amarya kwananta don tsabar haƙuri, ka ƙara bincike, wataƙila baiwar Allah barci take nema.

Abin ya ƙara cakuɗewa ne saboda alamomin cutar su ne muka ɗauka alamomin arziki. Wuya ya yi kauri har maɓallin riga ya ƙi shiga, tumbi yana riga mai shi isa zaure, sai mu ce hutu ya karɓe shi. Likita kuwa igiyar awo zai ɗauko ya zagaya wuyan, in ya haura santimita 40 ya rubuta shi cikin abubuwan tuhuma. Talaka in ya yi gyangyaɗi a taro, malalaci ne. Mai hali in kansa ya rinjaya gaba har hula ta karkace, nazari yake yi, kada a katse masa tunani. Mata kuma, a hukumance, ba sa minshari sam, ko da yake likitoci sun san cutar tana ƙaruwa gare su bayan haila ta ɗauke, kuma siraran mutane ma ba su tsira ba.

Manomin rani da ke aiki ƙasa da dam ɗin Goronyo, wanda aka kammala a kan kogin Rima a 1984, ya riga ya san yadda abin yake ko bai taɓa shiga aji ba. In tiyon da ke zuƙo ruwa ya tsufa ya yi laushi, da inji ya ja sai ya matse. Inji na ta ruri, albasa na jira, ruwa bai zo ba. Haka maƙogwaro. Barci in ya yi nauyi naman wuya kan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta ƙuntata, abin da ya rage yana kaɗawa, ƙarar da ake ji ke nan. In hanyar ta rufe gaba ɗaya, sai a ji tsit. Ƙirji na kokawa, iskar oksijin na raguwa a jini, har ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mai barcin na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ya ja wani numfashi mai shaƙewa, ya koma. Likitoci na ƙirga kowace tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10: sau 5 a awa an shiga cutar, sau 15 ta yi matsakaicin ƙarfi, sau 30 ta yi tsanani. Mai sau 30 in ya kwanta awa 7, an shaƙe shi sau 210 kafin asuba. Wato shirun da matarsa ke yi wa hamdala shi ne wurin haɗarin. Daga nan ake samun ciwon kai da safe, da yawan tashi fitsari, da saurin fushi, da hawan jinin da ke ƙin jin magani, da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba kowane mai minshari ke da cutar ba, shi ya sa ake gwaji.

To, a ce likita ya yi nasara ya tura Alhaji babban asibitin da ke da na'urar gwajin barci, a kwana ɗaya ana auna barcinsa. Takardar shiri da za a ba shi, ka rantse wani maƙiyin al'adunmu ne ya zauna ya tsara ta. Daga azahar ba goro, ba kofi, ba shayi, balle shayin Buzaye mai zagaye uku, domin duk suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci. Ba ƙailula a ranar. Mutumin da shekara talatin goro ke riƙe da idonsa a kasuwa, an ce ya ajiye goron kuma kada ya kwanta. Wannan yinin kaɗai ya isa gwaji. A wanke kai tas, ba man gashi, ba man shafawa, don a samu wayoyi su kama fata. Hajiya mai sabon kitso da ya sha mai sai ta sake shawara, janfarce kuma a goge shi. Gemu dai ba a ce a aske ba, a kwantar da hankali. A zo da kayan barci masu sauƙi, a zo da duk magungunan da ake sha a nuna, har da jiƙon da ke cikin gora a ƙarƙashin gado, wanda a wurinmu ba ya cikin lissafi in likita ya tambaya. Mai dabara zai yi alwala ya sallaci isha'i kafin a fara, ya kuma faɗa tun da dare cewa a tashe shi asuba.

Sannan a zo ga abin da ya fi zafi: a cire hula. Yaro ma'aikaci, sa'an ɗansa na uku, zai ce, "Baba, a ɗan sunkuyo," ya bi kan nan da ba kowa ya taɓa gani ba yana manna wayoyi da gam, wasu gefen ido, wasu a haɓa, wasu a ƙirji, wasu a ƙwauri, wajen guda ashirin. Ɗamara ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan tumbin da ake girmamawa, siririyar roba a ƙofar hanci, wani ɗan maƙali mai jan haske a yatsa. Ga kyamara a bango, ga yaron a ɗakin kusa yana kallo har safe. In fitsari ya matsa, sai an yi kira an zo an kwance. Babu abin da ke yi masa ciwo a cikin wannan duka, ko allura ba a yi, in ban da abin da ya samu martaba.

Amma babbar barazana ga gwajin 'yan'uwa ne. A ƙasarmu ba a kwana asibiti a ɓoye, kuma ba a kwana shi kaɗai. Kafin magariba mota ta cika da 'yan rakiya, da tabarmi da butoci, da kuloli na tuwon shinkafa da gasasshiyar kaza da ƙwaryar fura, duk don mutumin da aka ce ya ci abinci marar nauyi. "Sannu Alhaji, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi." In aka tambayi ɗansa me ke damunsa ya ce barci ya zo yi, sai a kalli juna a ce yaron na ɓoye wani abu. Kafin labari ya kai Rabah ya zama tiyata, kafin ya kai Goronyo wasu sun fara ƙirga gonaki. Wayarsa kuma ba za ta huta ba, kowa na so ya ji ko ya samu barci. Gwajin na bukatar ɗaki shiru da waya a kashe, abu biyu da zumunci bai yarda da su ba.

Za a ce ai mutum ba zai iya barci a baƙon gado da wayoyi a ka ba. Likitoci sun san daren farko ba ya zama daidai da na gida, kuma 'yan awanni sun ishe su. Ban da haka, mutumin da ke yin barci a zaune cikin motar Achida, tsakanin buhun tafarnuwa da gwiwar wani, bai kamata ya ji tsoron katifa ba. Za a kuma ce kakanninmu sun yi minshari sun tsufa. Wasu sun tsufa, wasu kuma an ce sun kwanta lafiya ba su tashi ba, ba wanda ya ƙirga. Kuma su a ƙafa suke zuwa gona, ba sa hawa babur daga zaure zuwa masallacin unguwa, ba sa kora tuwo da lemon kwalba. Mai cewa ajali ba ya wuce lokacinsa gaskiya ya faɗa, amma shi ne kuma ke aika yaro kemis da zazzaɓi ya taɓa shi. Game da kunya kuwa, mutanen Wurno ne ya kamata su fi kowa sauƙin hali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da garin ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837 kuma kabarinsa na nan, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da littafi sukutum a kan basir. Da Bature Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abin da Bello ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. In mai wannan daraja ya zauna ya yi bayanin basir, ban ga rawanin da ya fi ƙarfin maganar minshari ba.

Hujja ɗaya ce ba ta ɗaukar raha. Akwai ƙauyuka a wannan yanki da rashin tsaro ya hana su barcin ma gaba ɗaya, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsadar abinci. Gwajin na da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a sayar da gona. Sai dai matakan farko ba su cin ko kwabo: a bar matar gida ta faɗi abin da ta ji, ko ta ɗauka da waya, a kai wa likita, a rage ƙiba, a bar taba, a kwanta ta gefe, a guji ƙwayar barci ba da izinin likita ba. Akwai ma ƙananan na'urori da ake ba mutum ya kwana da su a gida. Kuma cutar ba ta tsaya kan mai ita ba. Direban da ke ɗauko albasa zuwa Sakkwato yana lumshe ido a kan sitiyari, fasinjojinsa ma suna da haƙƙi a cikin barcinsa.

In sakamako ya nuna cutar, maganin da aka fi dogara da shi na'ura ce da wani likita, Colin Sullivan, ya bayyana a Sidini ta Ostareliya a 1981, ana kiran ta CPAP. Iska take hurawa a hankali ta wani abin rufe hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Tana son wutar lantarki, kuma gidan da ya kafa sola don firji da kallon ƙwallo ba zai ce ba shi da ita ba. Alhaji zai karɓa, ya yi godiya, ya sa ta daren uwargida, ya tura ta bayan akwati daren amarya, ya koma asibiti bayan wata guda ya ce kullum da ita yake kwana. Ba a gaya masa ba cewa na'urar tana rubuta awannin da ta yi aiki kowane dare, kuma su likita zai fara dubawa kafin ya tambaye shi komai.