Ɗaki Ɗaya Kawai Za Mu Fitar

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wata cuta ta kama magidantan Kano. Alamarta ita ce ka ga mutum bayan La'asar yana auna tsakar gidansa da taku, leɓensa na motsi ba tasbihi yake ba. Ya je gaban darbejiyar da mahaifinsa ya dasa ya tsaya, yana yi mata kallon da mahauci ke yi wa sa. An gano ke nan cewa filin da yara ke wasa ashe ciki da falo ne da ba a gina ba tukuna.

A majalisa lissafin ba ya wahala. In gidan yana wajen Janbulo ko Kabuga ko Rijiyar Zaki, ai ɗaliban Jami'ar Bayero har layi za su yi. In a bakin titi yake, a fasa zaure a fitar da shago biyu, ɗaya na mai POS, ɗaya na mai cajin waya. Shekara uku kuɗi sun dawo, ta huɗu sai Umara. Abokan hira su yi ta gyaɗa kai suna cewa dabara ta yi, alhali ko bulo ɗaya ba za su kawo ba.

Sai a kira birkila. Ya zagaya wurin hannu a baya, ya ce, "Alhaji, ai wannan ba aiki ba ne, sati biyu ka sa kwaɗo." Ya lissafa bulo da tifar yashi da kwano. Rodi, da wayar wuta, da ramin masai, waɗannan sai an yi nisa yake tunawa da su, ɗaya bayan ɗaya, kullum da safe. Waɗanda suka haƙa tushe a ƙarshen 2023, lokacin buhun siminti yana wajen naira 5,000, sun wayi gari a farkon 2024 ya haura 10,000. Gini ya tsaya a linta. 'Yan hayan farko da suka tare a ciki awakin uwargida ne, kuma har yau su ne ba a taɓa jin kansu da kowa ba.

Takardar izinin gini kuwa, ba a tuna akwai hukumar KNUPDA sai ran da aka ga jan fenti a jikin bango. Shagon ya ɗan ci kwata, ya ɗan leƙa titi, kamu ɗaya ne kawai in ji mai shi. Maƙwabci ma kamu ɗaya ya ci. Idan ruwan Agusta ya rasa hanya ya shigo ɗakuna, sai a taru a ce ikon Allah.

A ce dai an lallaɓa an gama. Kafin fenti ya bushe, saƙon Gwaggo ya iso: autanta zai yi aure, wurin zama ne ya gagara. "Ƙaninka ne, ka ba shi ya ɗan zauna kafin Allah ya hore." Kuɗin hayar wannan shekarar albarka ce, an kuma biya ta cif. Wanda ya tsallake Gwaggo ya faɗa hannun dillali, wanda zai karɓi la'adarsa ya kawo maka bawan Allah mai ladabi, mai gaisuwa har ƙasa. Shekarar farko ya biya duka, ta biyu ya kawo rabi, ta uku ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ai mun zama ɗaya." To, wa zai kai ɗansa ƙara? In ka daure ka kai wa mai unguwa, kai za a ba haƙuri, shi a ba shi wata uku.

A nan ne nake ganin lissafin ya karye tun daga tushe. Haya sana'a ce ta mai iya buɗe baki ya tambayi kuɗinsa, mu kuwa da mutum ya bi mu sallah sau biyu a sahu ɗaya, kunya ta ɗaure mana harshe. Ga mita ɗaya gida biyu, kowa na rantsuwa ba shi da hita. Ga igiyar shanya, wadda rikicinta kaɗai ya isa a kafa masa kotu.

Uwargida tun farko ta tambaya, "Alhaji, in an tashi suna ko biki, ina mutane za su zauna?" Aka ce mata ba ta san tattalin arziki ba. Yanzu ranar taro sai a kafa rumfa a tare layi, masu adaidaita sahu su zagaya suna Allah ya isa, surukai kuma a tarbe su a kan benci gaban shagon mai caji, tunda zauren ya tafi neman kuɗi.

Kwanan nan Alhaji ya fara ɗaga kai yana nazarin rufin. Ɗan hayan da ake bi bashin shekara biyu ne ya ba shi shawarar a hau bene, ya kuma roƙi a ajiye masa ɗakin sama, don ya fi iska.