Kallon Kyauta a Baure

A Baure duk mai kwamfuta injiniya ne, ko da kuwa sakamakon jarrabawar ɗalibai kawai yake bugawa da ita, irina. Da aka fara gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa cikin Janairun 2024, ɗan yayata da ke karatu a Kano ya bugo waya: "Kawu, ga kwamfuta a hannu me zai kai ka gidan kallo? Akwai manhajar kallon talabijin, kyauta ce." Ba a yi wa malamin makaranta irin wannan albishir a tsakiyar wata ya iya barci.

Ya aiko mini da wata 'yar na'ura mai kama da filash a motar Daura, da eriyarta da ba ta fi tsinken tsire ba. Saura zaɓen manhaja.

Na fara da Kodi, don ita ce mai kyan fuska. Ashe ba ta magana da na'urar kai tsaye, sai an saka mata wata manhajar a baya, ita ma waccan ta kawo nata sharuɗɗan, kai ka ce aure na je nema gidan da kawunnai suka yi yawa. Kaffeine kuwa ta ce sai a kan Linux, wato in share kwamfutar har da makin 'ya'yan mutane. Na ce a kai kasuwa. Daga ƙarshe na tsaya kan VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka ƙirƙiro, aka sake ta ga kowa tun 2001. Ba ta da girman kai, amma ba ta nemo tasha da kanta. Kai za ka rubuta mata lambar zango: 474000, in babu komai ka ƙara 8000, ka sake jira. Haka na riƙa ƙari har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, bashin wa kake lissafawa?"

Na ce laifin eriya ne. Muka sayi babba, muka ɗaure a kan gora, ƙanena ya hau soro cikin iskar hunturu. Ina ƙasa ina ba da umarni: "Juya ta Daura! Koma Kano! To gwada Magarya, ko mutanen Nijar za su tausaya mana!" Shi kuma yana rungume da gora, haƙora na kaɗawa: "Yaya, ya kawo?" Abin da ya kawo mura ce.

Kafin nan magana ta riga ta fita gari, wai Malam zai nuna wasan ƙarshe kyauta. Daren 11 ga Fabrairu ƙofar gidana ta cika da tabarmi, mai shayi ya dawo da teburinsa, har da mai gyaɗa. Na ɗora kwamfuta a kan turmi, na yi bisimilla, na danna. Baƙi ƙirin. Wani dattijo ya matso, ya ƙura ido, ya ce, "Malam, su ma can an ɗauke musu wuta ne?"

Sai ihu ya tashi daga gidan kallo: Troost-Ekong ya ci wa Najeriya. Kafin in waiga babu kowa, sai takalman da aka manta. Na bi sahu, na biya kuɗina kamar kowa. Ina zaune Kessie ya farke wa Kwaddibuwa, Haller ya ƙara, aka tashi 2-1. Jama'a suka yanke hukunci nan take cewa ni na shigo da ƙafar baya.

Wani mai gyara a Daura ne ya warware mini. Ya juya kwalin ya nuna rubutu: DVB-T. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos a 2016, DVB-T2 Najeriya ke amfani da shi. Wannan ko a gindin turken tashar ka kwana ba za ta gani ba." Ya ƙara da cewa ko mai T2 ɗin ce, sai siginar ta iso garinku, kuma tashoshin da aka kulle sai da dikodarsu, babu manhajar da za ta roƙa maka.

Don haka mai karatu, kafin ka ɓata dare wajen zaɓen manhaja, duba kwalin na'ura, ka kuma tambayi maƙwabci ko eriyarsa na kama wani abu. Mai son tawa na'urar ya same ni bayan la'asar, da gorar duka zan sayar. Manhajar kuwa kyauta zan ba shi.