Tantan Mai Ajiyar Zuciya

Ranar da aka biya ni garatuti bayan shekara 35 ina cin alli a aji, uwargida ta ce a sayi fili a kewaye. Na ce a'a, tantan zan saya. Na baje mata lissafi a kan tabarma: kadada kaza a rana, naira kaza kowace kadada, kafin kaka mun tafi Umara. Ta saurare ni har na dire, sannan ta ce, "Malam, kai da ko sarƙar keke ce ta zame sai ka kira yara?"

A gwanjo na same ta. Massey Ferguson 375, ja ce a takarda, a ido kuwa launin tsohuwar tukunya. Injinta Perkins ne mai silinda huɗu, wanda kowa ya rantse min ba ya mutuwa, sai dai ya suma. Ban san suman ne zai zama sana'arta ba. Duk rani tana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana, ina zagaya ta safe da yamma, ina kore awaki, ina karɓar kafin alƙalami daga manoman da ke son a yi musu haro.

Da ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, muka shiga gonar farko a hanyar Bunkure. Direba ya murza, ta ɗauka, ƙasa ta fara juyawa, ni kuma ina gefe na goya hannu a baya kamar sufeton makarantu. Minti ashirin cif, sai ta yi tari, ta yi shassheƙa, ta mutu a tsakiyar gona. Direba ya sauko ya kwance murfin tanki don ya ga ko gas ne ya ƙare. Sai muka ji "fuuu", doguwar ajiyar zuciya. Gas kuwa yana nan dam. Ya sassauta wani ɗan noti, ya yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ta daina fita, ya ce iska ce ta shiga. Ta tashi. Bayan minti ashirin ta sake kwantawa.

Makaniken farko na motoci ne, daga bakin tasha. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya ce filta ce. Aka sauya filta, ta tashi tana ruri, na biya shi har da na shayi. Ƙurar babur ɗinsa ba ta gama kwantawa ba, tantan ta sake mutuwa.

Na biyun ba a kiransa makanike, Injiniya ake ce masa. Ya zo da farar riga, ya yi zanzaro, ga biro uku a aljihu. Shi ma ya buɗe tanki ya shinshina, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya so ya faɗa, ya ce, "Alhaji, nozul ne, kuma ina jin tsoron babban famfon gas." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na lura duk wanda zai yanke ni da Alhaji yake farawa.

Haka na tsinci kaina a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, riƙe da nozul huɗu a cikin leda kamar mai kai fitsari gwaji. Duk rumfar da na tsaya tambaya ɗaya ce: sabo nake so, ko ɗan Baljiyam, ko ɗan Chana? Na koyar da labarin ƙasa shekara da shekaru, amma sai ranar na san Baljiyam a wurin 'yan kasuwa ba ƙasa ba ce, sunan duk wani ƙarfe ne da wani ya riga ka mora a Turai. Na sayo, Injiniya ya ɗaura, ta tashi, ya karɓi kuɗinsa ya ce ko shekara goma ba zan sake nemansa ba. A wannan kam ya yi gaskiya, domin tun daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Kafin nan masu kafin alƙalami sun fara sallama a ƙofar gida tun da asuba. Maƙwabcina ya ja ni gefe ya ce wannan ba aikin sifana ba ne, baki ne ya kama ta. Ba zan ɓoye ba, na yi mata turare da dare, bayan na tabbatar kowa ya yi barci.

A rana ta tara wani tsoho ya zo wucewa da jakinsa. Ya ce ya tuƙa tantan tun zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Bai taɓa komai ba. Ya zauna a gindin kuka yana cin goro, ya ce a tashe ta. Da ta mutu, direba ya nufi tanki, sai tsoho ya daka masa tsawa, "Kai yaro, tsaya!" Ya hau da kansa, ya kara kunne, ya murza murfin a hankali. Fuuu.

"Kullum haka take yi?"

Na ce, "Kullum, Baba. Gajiya ce."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce a samo masa tsinken tsintsiya. Ya juya murfin, ya nuna min wata 'yar ƙofa da ba ta fi hancin allura ba, ya zura tsinken. Busasshen laka ya zubo, har da matacciyar tsutsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki tun rani, a ƙarƙashin darbejiyar nan, ina tsaye ina korar awaki.

"Malam, gwangwanin madara ƙofa nawa kake huda masa?"

Na ce biyu.

"To haka tanki yake. Gas na fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In ƙofar ta toshe, famfo ya ja ya ja har ya gaji. Duk wanda ya buɗe murfin nan ya gyara ta, ko da bai sani ba."

Wato ni ma da zan iya. Na ciro kuɗi masu kauri, ya ture hannuna, ya ce goro biyu sun ishe shi. Tantan ta yi aiki ranar har magariba ba ta yi ko tari ba.

Da dare na kwashe labari na ba uwargida, na rage wasu lambobi, na tsallake batun turare. Ta gama ji, ta shiga ɗaki ta fito da tsintsiyarta, ta ajiye a gabana.

"Malam, tsinken nan daga nan aka zare shi. Nawa ka ce ka ba Injiniya?"