Ƙafa Ɗaya Ce Ta Karye, Malam

To, 'yan "kwanta ka huta", ga ni na dawo. Na san tun da aka ba ku labarin an gan ni da sassafe ina dogara sanduna biyu a bakin kogi kuka yanke hukunci: ko dai faɗuwar ta taɓa kai, ko kuwa uwargida ce ta gaji da ni. Ku gyara zama.

Babur ne ya watsar da ni a hanyar fadama, ina dawowa daga duba shinkafa wajen Auyo, ƙwauri ya karye. Shawara ta riga ni isa gida. Wannan ya ce mai ɗori, wancan ya ce sai asibitin ƙashi na Dala. Wani baffana kuwa cewa ya yi, ga Malam Madori nan kusa, me zai kai ni Kano? Na ce, "Baffa, ai sunan gari ne, ba allon asibiti ba." Aka dai ɗauki hoto, aka sa wa ƙafar siminti, aka ce in ƙirga mako shida zuwa goma sha biyu.

A nan muka raba gari da ku. Ku jinya a wurinku ita ce katifa da fanka da lemon 'yan dubiya. Shi kuwa ma'aikacin gashin ƙashi ya ce naman jikin da aka daina motsawa tun makon farko yake fara zubewa, jinin da ya kwanta a ƙafa kuma yana iya daskarewa. Sai ya yanka mini aiki: in motsa yatsu, in ƙanƙame cinya in saki, in ɗaga ƙafar a miƙe. Hannu ma bai tsira ba, galan ɗin ruwa nake ɗagawa ina zaune, yara na leƙe suna ƙyalƙyala.

Ga wadda za ta fi ba ku dariya. Ya ce in riƙa horar da lafiyayyar ƙafar, mai ciwon ma za ta samu rabonta, don ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su ne ke ɗaukar darasin. Ina jin ku: "Wato Audu ya ci tuwo, Bala ya ƙoshi?" Ni ma haka na ce da shi. Bai yi fushi ba, ƙara mini goma ya yi.

Sai ci. Mu Haɗejawa akwai abin mamaki: a kasuwarmu ake lodin bandar kifi zuwa kudu, mu koma gida mu sha miyar kuka lami. Ƙashi kuwa ba ya haɗewa da "sannu". Ƙananan kifi na ci har da ƙaya, na bi da nono da wake da zogale. Kai kuma mai ɓoye karan sigari a aljihu, hayaƙin nan jinkirta ɗori yake yi.

Da wani cikinku ya fara yarda, sai ya zarce: "Ai sai ka shiga kogi, Turawa ma a ruwa suke gashi." Gaskiya ne, ruwa in ya kai ƙirji yakan ɗauke maka kusan kashi biyu cikin uku na nauyinka. Amma wane ruwa? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin nan ta sauya, kachala ta cushe hanyoyin ruwa, dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ya samu masauki. In je gyaran ƙafa in dawo da fitsarin jini? A kan tudu na tsaya, ina gaisawa da masunta.

An cire simintin. Juma'ar da ta wuce da ƙafata na taka har masallacin ƙofar fada, sanda ɗaya kawai, ita ma don kwarjini. Mai shakka ya same ni gobe bayan asuba a bakin gada, mu taka tare. Zan zo da sandar, Alhaji, ko da tumbin nan naka zai buƙace ta a hanyar dawowa.